Ra'ayi: Mai Sayen Kyamarar Hannu Ya Fara Duban Ido Kafin Gangar Jiki

Da zarar kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, bukukuwan aure da na suna suka kankama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, sai ka tarar hankalin matasa da dama ya karkata ga sana'ar ɗaukar hoto. Wani ragonsa ya sayar, wani adashe ya kwasa, wani kuwa ɗan'uwansa da ke ci-rani ne ya aiko masa da ɗan abin da zai ja jari. Dukansu tambayarsu guda ce: wace kyamara zan saya da wannan kuɗi? Amsar da suke samu a bakin dillalai ita ma kusan guda ce. Za a nuna musu yawan megafiksel da ke rubuce a jikin kwali, a ɗaura mata wani dogon ido mai kama da bakin bindiga, a ce ga irin ta ƴan jarida. Ni dai a nawa ganin, waɗannan abubuwa biyu su ne na ƙarshe da ya kamata mai ƙaramin jari ya duba, kuma su ne suka fi cinye kuɗin masu farawa.

Kyamarar da muke magana a kanta ita ce wadda ake kira DSLR, wato mai madubi a ciki, wadda ake cire mata ido a ɗaura wani. Idon shi ne tarin gilasan nan na gaba da masu sana'a a nan ke ce wa objektif. Haske na ratsa shi, madubi ya tura shi zuwa ƴar tagar da mai ɗauka ke leƙawa, idan ya latsa sai madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, hasken ya sauka a kan wani faranti da ya maye gurbin fim na da. Saboda haka abu biyu ake saye: gangar jiki daban, ido daban.

A shekarar 2003, lokacin da kamfanin Canon ya fitar da EOS 300D, duniyar masu hoto ta girgiza domin an sayar da ita tare da idonta a kan dalar Amurka 999, abin da a wancan zamani ake gani araha ce ta ban mamaki. Nikon ya biyo baya da D70 a 2004. Daga nan aka shafe shekaru goma sha biyar ana ƙera irin waɗannan kyamarori ana zubawa a kasuwannin duniya. A 2018 manyan kamfanonin biyu suka fito da sabon zubi maras madubi, Canon da jerin R, Nikon da jerin Z, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya bayyana cewa 1D X Mark III ita ce babbar kyamara mai madubi ta ƙarshe da za su yi. Masu hoto na Turai, Amurka da Asiya suka shiga sayar da tsofaffin kayansu don su koma sabon yayi. Wannan shi ya sa kyamarar da a da sai mai hannu da shuni, yau ta zo inda talaka zai iya taya ta. Ba lalacewa ta yi ba, yayinta ne aka ce ya wuce, kuma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Na san wani zai ce ai wayar salula ta kashe wannan sana'a, kowa da kyamararsa a aljihu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda buƙatarsa ita ce ya ɗauki abokai da rana tsaka ya tura a WhatsApp, ya riƙe kuɗinsa, wayarsa ta ishe shi. Amma farantin ƙananan kyamarorin DSLR ya kai kusan milimita 23 a tsawo da 15 a faɗi, ya ninka na galibin wayoyin da ke hannunmu fiye da sau goma. Bambancin ba ya fitowa a fuskar waya. Yana fitowa ne a ɗakin amarya da magariba, da kuma ranar da uwar amarya ta ce a wanke mata hoton babba ta rataya a bango. A wannan wurin ne ake biyan mai hoto, kuma don wannan wurin ne ya kamata ya yi sayayyarsa.

To batun megafiksel fa? Lissafi ne mai sauƙi. Hoton kati na santimita 10 da 15, wanda shi aka fi wankewa a bukukuwa, megafiksel 2 da ɗan ɗoriya yake buƙata ya fito tas. Na santimita 20 da 30 bai kai ga buƙatar megafiksel 9 ba. Nikon D90 ta 2008 tana da 12, D3100 ta 2010 tana da 14, Canon 600D ta 2011 tana da 18. Ke nan duk sun wuce abin da aikin yau da kullum ke nema. Idan dillali ya ce ka ƙara kuɗi don wannan 24 ce waccan 16, ka tambaye shi ko akwai mai biki da ya taɓa ƙirga su. Hoto na lalacewa ne saboda ƙarancin haske, ko rawar hannu, ko saiti ya kauce wa fuska, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da yawan megafiksel ke gyarawa. Seydou Keïta na Bamako da ƴar kyamarar Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi a 1935. Malick Sidibé ma da irinta ya fara, ga shi a 2007 an ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na Benis a ƙasar Italiya. A nan gida, hotunan da Philippe Koudjina ya ɗauka na daren Yamai a shekarun 1960 da 1970 har yau ana neman su. Babu ɗayansu da ya san wani abu wai shi megafiksel a lokacin.

Shawarar farko da mai saye zai yanke ba ta lambar kyamara ba ce, ta gidan da zai shiga ce. Kowane kamfani da irin bakin da yake yi wa kyamarorinsa, idon Canon ba ya hawa Nikon, na Nikon ma ba ya aiki yadda ya kamata a Canon. Duk wanda ya sayi gangar jiki, ya ɗaura aure ne da dangin idanunta, batiranta da fitilunta. Ana yawan gardama kan wanne ya fi tsakanin kamfanonin biyu, gardamar da ba ta da bambanci da ta magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo. Abin da nake ba da shawara shi ne mutum ya zaga garinsu ya ga abin da masu hoto uku ko huɗu da ya sani suke riƙe da shi, ya bi sahunsu. Ranar da batirinsa ya mutu ana tsakiyar kamu, a wurinsu zai ara. Ranar da wani abu ya rikice, su za su nuna masa inda ake latsawa, su kuma san mai gyaran da ya saba buɗe irinta. Pentax na yin kyamarori masu ƙarko, wasunsu ma an toshe su daga ƙura da ruwa, amma wa ke da idonta a unguwarku? Haka tsofaffin Sony masu bakin A da Olympus na jerin E, waɗanda kamfanoninsu suka daina yi wa sababbin idanu. Za ka same su da araha mai jan rai, sai dai araha ba ta ado.

Ko a cikin gida guda akwai ramukan da dillali ba zai nuna maka ba, wani lokaci ma shi kansa bai san da su ba. Na Nikon ya fi kama mutane. Tun daga D40 ta 2006, ƙananan kyamarorin kamfanin, wato D40, D60 da duk jerin D3000 da D5000, ba su da ɗan injin da ke juya ido ya saita kansa. Injin sai dai ya kasance cikin idon, kuma irin waɗannan idanu su ne masu alamar AF-S. Idan ka sayi D3100 aka haɗa maka da ido mai alamar AF ko AF-D, kamar 50mm f/1.8D da ya cika kasuwa, zai hau daram, zai ɗauki hoto, amma saiti da hannunka za ka riƙa yi, amarya na tafiya kana murɗawa. Su kuwa D80, D90 da D7000 suna da injin a jikinsu, shi ya sa nake ganin sun fi dacewa da mai ƙaramin jari ko da sun ɗan fi tsada, domin sun buɗe masa ƙofar tsofaffin idanu masu rahusa. Akwai kuma kishiyar wannan matsala: sababbin idanu masu alamar AF-P ba sa aiki a kan D90, D3100 ko D3200.

A ɓangaren Canon abin ya fi sauƙi. Duk ido mai alamar EF, tun daga 1987 da aka ƙirƙiro bakin, yana aiki a kowace EOS mai madubi. Abin kiyayewa biyu ne. Tsofaffin idanu masu alamar FD na zamanin fim ba sa hawa, komai kyansu. Masu alamar EF-S kuma na ƙananan kyamarori ne kaɗai, ba sa hawa manya irin su 5D da 6D.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Kusan kowace kyamarar hannu tana zuwa da ɗan ido mai lamba 18-55. Masu hoto kan raina shi, ni kuwa ina cewa a riƙe shi, domin da rana yana aiki sosai, kuma shi ke kwashe taron dangi gaba ɗaya a hoto guda. Rauninsa ɗaya ne: ƙofar haskensa ƙarama ce. Idan ka ja shi zuwa 55, lambar ƙofar takan tsaya a f/5.6. A wannan lissafi, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6. Ninki goma! Babu wata gangar jiki da za ka ƙara wa kuɗi ta ba ka irin wannan tazara, alhali waɗannan idanu suna cikin mafi araha da kamfanonin biyu suka taɓa yi. Su ne ke fitar da fuska fes, bayanta ya narke, irin hoton da mai biki ke gani ya san ba da waya aka ɗauka ba.

Sai dai a nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Kowa ya ji an ce 50mm f/1.8, sai ya ruga ya saya. A kan ƙaramar kyamara, saboda farantinta bai kai girman fim ba, ido na matse abin da yake gani: ana ninka lambarsa da 1.5 a Nikon, da 1.6 a Canon. Ke nan 50 na komawa kamar 75 ko 80. Don hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, babu kamarsa. Amma a ɗakunanmu, inda gado, kabad da jeren kwanoni suka cinye fili, za ka ja da baya har ka jingina da bango ba ka haɗa amarya da ƙawayenta biyu ba. Mai Nikon ya nemi 35mm f/1.8G DX da ya fito a 2009, wanda ke aiki a kan ƙanana da matsakaitan kyamarorin duka. Mai Canon ya duba EF-S 24mm f/2.8 na 2014 don cikin ɗaki, ya bar 50 ɗin ya zama na biyu. A kuma tuna, buɗe ƙofa gaba ɗaya na sa abin da ke fitowa sarai ya zama siriri. Idan mutane sun yi sahu biyu ko uku, a rage ta zuwa f/5.6, in ba haka ba na gaba su fito na baya su dushe, kuma galibi a baya iyayen gida ke tsayawa.

Dogon ido kuwa, irin 70-300 ko 75-300, ya jira. Yana da ranarsa: filin kokowar gargajiya, hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, ko taron makiyaya na Ingal, inda ba a barin ka matsa kusa. Amma nauyi gare shi, duhu gare shi, kuma ƙaramar rawar hannu yakan mai da ita babba. Wanda aikinsa ya kai shi ga buƙatarsa, ya nemi mai maganin rawar hannu, wanda Canon ke yi wa alamar IS, Nikon kuma VR. A gidan Canon, 55-250 IS ya fi 75-300 da ba shi da wannan gata, duk da cewa na biyun ya fi cika ido a kafaɗa.

Kafin dogon ido, fitila. Yawancin shagulgulanmu da dare ake yin su, kuran kuma ba ta da alkawari. Ƴar fitilar da ke tashi a saman kyamara takan daki fuska kai tsaye, hoda ta yi fari fat, goshi ya yi ƙyalli. Fitilar ɗaurawa mai kan da ke juyawa, wadda za ka harba wa silin ko farin bango hasken ya dawo a tausashe, ita ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. A kula da abu guda: wasu ƙananan Canon na baya-bayan nan, kamar 4000D ta 2018, an cire musu ƙarfen tsakiya na mazaunin fitila, don haka fitilu masu araha da yawa ba sa tashi a kansu. Ga misalin inda sabuwa ta gaza tsohuwa.

Idan an zo ciniki, kada a yi cinikin biri a sama. Kyamarar da aka turo hotonta ta waya aka ce tana hanya, ba kyamara ba ce tukuna. Ka je da katinka na memori, ka ɗauki hotuna da ita, ka buɗe su a kwamfuta ko a shagon wankin hoto mafi kusa. Labulen kyamara yana da adadin buɗewar da aka ƙiyasta masa: kusan 100,000 a ƙanana, 150,000 a irin su D7000. Wannan ƙiyasi ne, wasu kan wuce shi nesa, amma kamar kilomitar mota yake, dole ya shiga cikin farashi. Nikon na rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, yawancin Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta. Kyamarar da ta fito daga hannun mai yawon buɗe ido da ke ɗauka sau biyu a shekara ba ɗaya take da wadda ta yi shekara biyar tana bin bukukuwa ba, ko da lambarsu guda. Robar da ta saɓule, maɓallan da rubutunsu ya goge, da kusoshin da suka nuna alamar an taɓa kwance su, duk suna ba da labarin da mai sayarwa ba zai bayar ba.

Ka mai da lambar ƙofa f/22, ka ɗauki sararin sama ko farar takarda. Duk ɗigon da ya fito ƙura ce a kan faranti. Ƙura ana share ta, amma layin da ya miƙe karce ne, shi kuwa ba shi da magani mai araha. Ka cire idon, ka haska shi da tocilan ta baya. Ƴar ƙura a ciki ba komai ba ce. Abin gudu shi ne wani zare-zare mai kama da saƙar gizo, wato fumfuna, wadda ke kama idon da ya daɗe a ajiye a wuri mai laima, irin garuruwan bakin teku kamar Kwatano, Lome da Legas, kuma takan ci rufin gilashin. Ka duba irin katin da take ci: 350D, 400D da D70 babban katin CF suke amfani da shi, wanda samunsa ya fi wuya, D50 kuwa ba ta karɓar katin da ya wuce giga 2. Ka duba batir. LP-E6 na Canon 60D da EN-EL15 na D7000 har sababbin kyamarori na amfani da jikokinsu, saboda haka ba za su ɓace a kasuwa da wuri ba. Sannan ka karɓi takarda mai ɗauke da lambar jikin kyamarar da sunan mai sayarwa, a gaban shaida. Kayan sata ma da araha suke zuwa.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar wannan kyamara a ƙasarmu, tunda duk lokacin da ka cire ido ka buɗe mata ƙofa. Canon ya fara sa na'urar kakkaɓe faranti daga 400D ta 2006, Nikon ma ya sa a yawancin nasa, amma ya cire ta daga D3400 da D3500. A canza ido a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa. A sayi ɗan famfon roba mai hura iska, kada a busa da baki, kada a shafa da gefen riga. Kada kuma a bar ta cikin mota a rufe a zafin watan Afrilu.

Yaya za a raba kuɗin? Farashi na sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka kaso ya fi lamba amfani. A ce mutum na da jika 150. Ni ba zan so gangar jiki da ɗan idonta na 18-55 su ci fiye da rabi ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ga ido mai babbar ƙofa. Ragowar ta fitila ce, da batir na biyu, da kati biyu, da jaka mai rufewa. Wanda ya zuba duka a gangar jiki zai koma gida da kyamara mai kyau wadda ba zai iya karɓar aikin dare da ita ba. Haka wanda ya kwallafa rai a kan tsohuwar 5D don an ce ta ƙwararru ce: hotonta na da daɗi, gaskiya ne, amma idanunta sun fi tsada, kuma yawancinsu sun sha aiki kafin su iso gare mu. Mai son haɗawa da bidiyo, tunda masu biki yanzu duka biyun suke nema, ya sani D90 ce ta fara kawo bidiyo a irin waɗannan kyamarori, amma a nan ba ta da ƙarfi. Canon 70D ta 2013 ce ta zo da saitin da ke bin fuska lami lafiya ana cikin ɗauka.

Saura ƙorafi guda mai nauyi, wanda bai kamata a share shi ba: me ya sa matashi zai zuba jarinsa a abin da masu ƙera shi suka juya wa baya? Kayan gyara za su riƙa ƙaranci, wannan haka yake. Amma gangar jikin ce ke tsufa. Canon na sayar da wani zobe da ke ɗaura idanun EF da EF-S a kan sababbin kyamarorin R su yi aiki cikakke, Nikon ma yana da nasa mai suna FTZ. Idon da ka saya bana zai bi ka zuwa kyamararka ta uku. Togaciyar ita ce tsofaffin AF-D na Nikon, waɗanda a kan wannan zobe ba sa saita kansu. Saboda haka mai Nikon da ke hangen komawa sabon zubi nan gaba, idan ya samu AF-S da AF-D a gabansa kuma bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, ya ɗauki AF-S.